Dakon Kolbar a Duwatsun Kurdistan: Yadda Ake Ɗaure Kaya, a Tsira Daga Sanyi, Dusar Ƙanƙara da Nakiya

A harshen Kurdawa "kol" shi ne gadon baya, "bar" kuma kaya. Daga nan aka sami kolbar, ɗan dakon da ke goya kaya ya haura duwatsun Zagros daga Kurdistan ta Iraƙi zuwa yammacin Iran. Sana'ar ta fi ƙarfi a lardunan Azarbaijan ta Yamma, Kurdistan da Kermanshah, a kewayen garuruwa irin su Piranshahar, Sardasht, Bane, Mariwan, Nosud da Pawe. Kayan ba nasa ba ne. Na ɗan kasuwa ne da ke zaune a birni, akwai kuma kasibkar, wanda ke karɓar kayan a gindin dutse ya shigar da su gari. Ganyen shayi, taba sigari, yadi, tayoyi, talabijin, injin wanki, na'urar sanyaya ɗaki, har firji sukutum, duk a bayan mutum suke hawa. Ana biyan ɗan dako da toman, kuɗin Iran, gwargwadon kilon da ya ɗauko, kuma tun da Amurka ta fice daga yarjejeniyar nukiliyar Iran a watan Mayun 2018 ta maido da takunkumi, darajar kuɗin take zubewa, masu shiga sana'ar suna ƙaruwa.

Hukumar Iran na ɗaukar yawancin wannan dako a matsayin fasa-ƙwauri, dakarun kan iyaka kuma suna harbi. Ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su Hengaw suna lissafa gomman 'yan dako da ke mutuwa kowace shekara, mafi yawansu da harsashi. Babu wata dabarar ɗaurin kaya da ke tare harsashi, kuma wannan bayani bai yi alkawarin haka ba. Amma sanyi, zamewa, dusar ƙanƙarar da ke zubowa daga tudu, nakiya da zubar jini suna cin nasu rabon, kuma waɗannan ana iya rage su da abubuwan da mutum ke yi tun kafin ya ɗaga ƙafa.

Nauyi da ɗauri

Ƙa'idar masu tafiyar dutse ita ce kaya kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin mai ɗauka. Mai kilo 70 ke nan ya tsaya a wajen kilo 23. Kolbar kuwa yakan ɗauki kilo 30 zuwa 50, wani ma ya zarce, domin kowane kilo kuɗi ne. Tunda ba za a bi ƙa'idar ba, a ƙalla a san inda iyakar take: da zarar kaya sun kai rabin nauyin jiki, taku yana gajarta, gwiwa na rawa a gangare, kuma idan ƙafa ta zame babu ƙarfin da zai maido da mutum. Gara a rage kilo 10 a ranar da aka yi sabuwar dusa, ko a ranar da hanya ta daskare.

Yadda aka jera kayan ya kusa kai nauyinsu muhimmanci. Abu mafi nauyi ya manne da baya, tsakanin allunan kafaɗa da ƙugu. Idan ya yi nisa da baya ko da tafin hannu ɗaya ne, zai riƙa fizgar mutum baya, shi kuma ya rama da sunkuyawa, ƙashin bayan ƙasa ya biya bashin. Idan ya yi tsawo ya haura kai, kamar kwalin firji, iska za ta kama shi kamar an buɗe mata ƙyaure, kuma a kan siririyar hanyar bakin kwazazzabo bugu ɗaya ya isa. Kwali mai faɗi a ɗaure shi a tsaye, ba a kwance ba, don kada gefensa ya riƙa karo da dutse. A naɗe komai da leda mai kauri kafin igiya, domin kwalin da ya sha dusa yana ƙara nauyi, yana kuma ruɓewa daidai inda igiya ta ratsa.

Siririyar igiya ce babbar mai laifi. Tana nutsewa a saman kafaɗa, inda jijiyoyin da ke tafiya hannu suka ratsa. Alamar farko ita ce yatsu su riƙa tsira kamar ana soka allura, daga baya hannu ya mutu, mutum ya kasa ɗaga shi, wani lokaci har na makonni. Maganin shi ne maɗauri mai faɗin santimita 5 zuwa 7, a kuma yi masa gammo da tsohon bargo ko soso. A ƙara wani maɗaurin a ƙugu, a kan ƙashin kwatangwalo, ba a kan ciki ba, don ƙafafu su karɓi rabin nauyin. Igiyar da ke ratsa ƙirji ta hana maɗauran kafaɗa zamewa ne kawai. Idan aka tamke ta, numfashi zai gajarta a wurin da iska ta riga ta yi ƙaranci.

Sai ƙulli. A yi shi irin na zarge wanda ake warwarewa da fizga ɗaya, a bar bakinsa a gaba inda hannu mai safa zai iya kamawa. Wanda ya faɗa rafi ko dusa ta kwashe shi yana da daƙiƙu kaɗan ya rabu da kayan. Ƙullin da ya jiƙe ya daskare ba ya kwantuwa da yatsun da suka ƙage, don haka ƙaramar wuƙa ta zauna a aljihun ƙirji, ba cikin kaya ba.

Wajen ɗagawa, kada a sunkuya a ɗauko daga ƙasa. A ɗora kayan kan dutse mai tsayin ƙugu, a juya masa baya, a shiga maɗauran, a miƙe da ƙarfin cinya, abokin tafiya yana tallafawa. Ƙaba da gocewar faifan ƙashin baya suna iya samuwa a wannan daƙiƙar, musamman idan aka murɗa ƙugu da kaya a baya. Juyawa da ƙafa ake yi, jiki gaba ɗaya.

Gumi ne ke buɗe wa sanyi ƙofa

Mashigun Hawraman, yankin duwatsu da ke kan iyakar Iran da Iraƙi, da na kewayen Piranshahar suna kaiwa mita 2,000 zuwa 3,000, kuma kowace mita 1,000 da aka hau zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ga iska kuma: idan ma'auni ya nuna digiri 10 ƙasa da sifiri, iska tana gudun kilomita 30 a awa, fata za ta ji kamar digiri 20 ƙasa da sifiri. Duk da haka mai hawa da kilo 40 gumi yake yi sharkaf. A nan haɗarin yake, domin ruwa yana janye ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Mutum ya iso ƙololuwa a jiƙe, ya zauna jiran abokai ko jiran hanya ta buɗe, cikin minti 20 sai karkarwa.

Saboda haka a fara hawa da tufa kaɗan, har mutum ya ɗan ji sanyi a mintuna 10 na farko. Rigar da ke manne da fata kada ta zama ta auduga, domin auduga na riƙe ruwa ba ta saki. Ulu ko yadin roba irin na 'yan wasa ya fi. A bisa ta rigar ulu, a waje kuma wadda iska ba ta ratsawa. A ajiye busasshiyar riga ɗaya da safa biyu a cikin leda, a cusa a ƙirji. Da an tsaya hutun da zai wuce minti 5, a sauya rigar ciki a ɗora mai kauri nan take, kafin sanyi ya shiga, ba bayan ya shiga ba. Kada a zauna kan dusa ko dutse kai tsaye. A zauna kan kwali, buhu ko igiyar da aka naɗe.

Takalmin roba mai arha da yawancin 'yan dako ke sawa ba ya riƙe ɗumi, ba ya kama ƙanƙara. Wanda ba shi da halin sayen wani, ya nemi mai girma da lamba ɗaya, ya sa siririyar safa, ya zura leda, sannan safar ulu mai kauri. Ledar na hana gumi jiƙa ta waje. Amma kada a cusa safa uku a takalmin da ya matse: matsi na tsayar da jini, ƙafa ta fi saurin daskarewa. Ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, da sanda mai tsini wadda ta kai tsayin ƙirji, sun fi kowane abu rage zamewa. A gefen tudu sandar tana zama a hannun da ke ɓangaren sama.

Ciki ma murhu ne. Tafiyar awa 8 zuwa 12 da irin wannan kaya tana cin abin da ya ninka abincin mai zaman gida. Dabino, zabibi, burodi da cuku a aljihu, a riƙa jefa kaɗan a baki kowace awa, ya fi a jira a ci da yawa sau ɗaya. Ruwa lita 2 a ƙalla, gorar a cikin riga don kada ta daskare. Cin dusa yana ƙara sanyaya jiki. Barasa tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali ɗumin fita yake yi. Sigari kuma akasin haka take yi, tana tsuke jijiyoyin yatsu. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su tramadol suna ɓoye gargaɗin da gwiwa da baya ke bayarwa, suna kawo jiri da barci, suna iya jawo farfaɗiya, kuma gefen rami ba wurin wannan ba ne.

Gane wanda sanyi ya fara ci

A watan Disambar 2019 wasu 'yan'uwa biyu daga yankin Mariwan, ɗaya mai shekara 17, ɗaya 14, sun rasu a guguwar dusa a duwatsun Hawraman, ƙaramin ma sai bayan kwanaki aka gano gawarsa. Irin wannan mutuwa tana da matakai, kuma na kusa da mutum ne ke ganinsu, shi ba ya gani.

Idan ɗumin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, karkarwa ke farawa, yatsu su kasa ɗaure igiya, magana ta riƙa sarƙewa, mutum ya riƙa tuntuɓe yana jan baya. Gwaji mai sauƙi: a ce ya haɗa babban yatsa da ƙaramin, ko ya ƙirga daga 30 zuwa ƙasa. A wannan mataki a sauke masa kaya, a kai shi bayan dutse inda iska ba ta bugawa, a raba shi da jiƙaƙƙun tufafi, a rufe kai da wuya, a ba shi shayi mai sukari sosai. Idan ya farfaɗo, gida za a nufa, ba gaba ba.

Ƙasa da digiri 32 karkarwar kan tsaya, kuma wannan ba sauƙi ba ne, jiki ne ya gaza. Mutum zai rikice, ya ce a bar shi ya ɗan kwanta, wani ma ya fara tuɓe riga yana cewa zafi yake ji. Yanzu kada a sa shi tafiya, kada a mutsuttsuka masa hannu da ƙafa, kada a ɗura masa komai idan ba ya iya haɗiya da kansa. A kwantar da shi a miƙe kan abin da zai raba shi da ƙasa, a naɗe shi da bargo sannan leda, a sa gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da ƙyalle a ƙirji da hammata. A ɗauke shi a hankali kamar ƙwai, domin zuciyar da ta yi sanyi girgiza kaɗan na iya rikita bugunta. Kuma kada a yi saurin cewa ya cika. Numfashi da bugun jini suna raguwa har su ɓuya. A saurara cikakken minti ɗaya. A Iran lambar motar asibiti 115 ce, ta masu ceto na ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar (Red Crescent) kuma 112. Batirin waya na mutuwa da wuri a sanyi, sai a ajiye ta a jikin fata.

Daskarewar yatsu, hanci da kunne daban take. Fata ta yi fari ko toka-toka, ta yi tauri kamar kakin zuma, ciwon ya ɗauke. Idan saman fata ne kawai, a cusa hannu a hammata, ƙafa kuma a cikin rigar aboki, a kan cikinsa. Idan ta yi zurfi, kuskure uku ne ke cinye yatsu: gogawa da dusa, kangawa a wuta, da narkarwa a hanya sannan ta sake daskarewa. Na ukun ya fi muni, har gara a taka daskararriyar ƙafa a isa gida da a narkar da ita a dutse. A gida a tsoma ta a ruwa mai digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun mai lafiya za ta ji ɗumi ba zafi ba, na kusan minti 30, ana ƙara ruwan ɗumi, har fatar ta yi laushi ta yi ja. Zafin narkewar yana da tsanani, ibuprofen na taimakawa. Bororon da ya fito kada a fasa shi, musamman mai jini a ciki. A sa auduga tsakanin yatsu, a naɗe sako-sako, a tafi asibiti a ranar.

Dusar da ke zubowa

A watan Janairun 2017 zaftarewar dusa ta binne ayarin 'yan dako kusa da Sardasht, a Janairun 2021 kuma wata ta kashe biyar a kan iyakar Iran da Turkiyya. Gangaren da ya fi zubowa shi ne mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wato wanda ake iya hawa amma sai da haki. Lokaci mafi haɗari shi ne ana cikin zubar dusa da yini ɗaya zuwa biyu bayanta, sai kuma rana ta farko da aka yi ɗumi ko ruwan sama ya sauka kan dusa. Ɓangaren da iska ke jibge dusa, bayan ƙololuwa, ya fi wanda ta share haɗari. Idan tsaga ta gudu daga ƙarƙashin ƙafa, ko aka ji dusa ta yi "wuf" ta zauna, ko aka ga inda ta zubo a tudun da ke kusa, dutsen ya gama gargaɗi.

Al'adar tafiya a jere, kowa a diddigen na gabansa, tana da kyau a wurin nakiya amma tana kashewa a nan. Nauyin mutum 20 da kayansu a kan faifan dusa ɗaya shi ke ɓalle shi, kuma ya binne masu ceton tare da waɗanda za a ceta. A irin wannan gangare ɗaya bayan ɗaya ake wucewa, maɗaurin ƙugu a kwance, sauran suna kallo daga wuri mai aminci. Bin doron tudu ya fi bin cikin kwari. Wanda dusar ta kwasa ya yar da kaya, ya yi ta fafutukar zama a sama, idan ta fara tsayawa ya kare baki da hanci da gwiwar hannu don ya sami ɗan sararin numfashi. Masu kallo su riƙe inda suka gan shi na ƙarshe, su nemi ƙasa da nan, suna soka sanda a jere. Wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yana rayuwa; bayan minti 35 kusan ɗaya cikin uku ne. Babu lokacin zuwa ƙauye neman taimako, waɗanda ke wurin su ne masu ceto. A fara buɗe fuska, a share dusar baki.

Nakiya

Yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 ya bar miliyoyin nakiyoyi a wannan iyaka. Biyu daga cikin waɗanda aka fi samu ƙirar Italiya ne. VS-50 ƙarama ce, ta roba, faɗinta kusan santimita 9, nauyin kilo 10 kacal take jira, kuma ƙafa take cirewa. Valmara 69 tana da ƙahoni 5 a ka, sau da yawa da siririyar waya a ɗaure. Idan aka taɓa sai ta yi tsalle kusan rabin mita ta fashe, ta watsa ƙarafa da ke kisa har tazarar mita 25. Shekaru ba su kashe su ba, kuma ba sa zama inda aka binne su: narkewar dusa da ambaliyar bazara na gangaro da su cikin kwari da bakin rafi, har kan hanyar da aka bi lafiya bara.

Alamun su ne allo ja mai kusurwa uku, duwatsun da aka shafa wa jan fenti, tsohuwar waya mai ƙaya, ramukan soja, ƙasusuwan dabba, da ciyawar da makiyaya suka ƙi kai dabbobinsu duk da kyanta. Yawancin masu takawa sun bar hanya ne, ko don yanke, ko don kewayawa, ko a guje cikin duhu. Wanda ya ga nakiya ya tsaya cak, ya faɗa da ƙarfi kowa ya tsaya. Idan sawunsa na bayyane a dusa ko laka, ya koma a kansu daidai. Idan ba sa ganuwa, jiran taimako ya fi. Idan nakiya ta tashi da wani, zuciya za ta ce a ruga, amma nakiya ba ta zama ita kaɗai. Mutum ɗaya ne zai je, ta kan sawun wanda ya ji rauni, sauran su yi ta yi masa magana yana danne raunin da kansa.

Tsayar da jini

Ko nakiya ce ko harsashi, jinin babbar jijiyar cinya na iya ƙarar da mutum cikin minti 3 zuwa 5. A danna raunin da ƙyalle da dukkan nauyin jiki. Idan jini na tsartuwa ko gaɓa ta yanke, a ɗaure sama da raunin da santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, da maɗauri mai faɗin santimita 4 ko fiye. Maɗaurin kaya ya dace, siririyar igiya kuwa yanka nama take yi ba ta tsayar da jinin ba. A zura guntun sanda a ƙullin, a murɗa har jini ya tsaya, a kafe sandar, a rubuta lokacin a goshinsa ko a riƙe shi a ka. Kada a riƙa sassautawa a hanya. Har awa 2 gaɓa takan jure. Raunin matsematsi ko hammata, inda ba a iya ɗaurewa, a cusa ƙyalle can ciki a danne minti 10 ba ɗagawa. Ramin ƙirji a rufe shi da leda mai tsabta, idan numfashi ya ƙara tsanani a ɗaga gefe iska ta fita. Mai zubar jini kuma a rufe shi da kyau, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa ya toshe rauni.

Tsoron kamu yana sa wasu su ɓoye mai rauni a gida. Raunin ciki, ƙirji ko wanda aka ɗaure gaɓarsa ba ya jiran gobe. Haka ma wanda ya dawo da ciwon baya mai sauka ƙafafu biyu, ko matsematsinsa ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba: jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matsu, kuma aikin da za a yi masa na cikin awoyi ne. Wanda ya wuni a dusa da rana ba tabarau, idanunsa za su fara raɗaɗi kamar an zuba yashi bayan awa 6 zuwa 12. Ɗaki mai duhu da ƙyalle mai sanyi a kan ido, ba murzawa, yakan warke cikin kwana 2.